Ruwan Indararo da Hannun Hukuma: Fashin Baƙi Kan Dokokin Tara Ruwan Sama a Amurka

Akwai wani labari da ya daɗe yana yawo a kafafen sada zumunta, cewa a Amurka laifi ne mutum ya tara ruwan sama a gidansa, har ma an taɓa ɗaure wani a kan haka. Duk wanda ya tashi a inda ake rige-rigen jera bokitai da robobi a ƙarƙashin indararo da zarar hadari ya haɗo zai ji maganar ta zo masa bambaraƙwai, domin a hankalinmu ruwan sama rahama ce daga Allah wadda babu mahalukin da ya isa ya ce tasa ce. Labarin yana da ƙamshin gaskiya, sai dai an cuɗanya al'amura da dama a cikinsa waɗanda ya kamata a rarrabe. Gwamnatin tarayyar Amurka ba ta da dokar da ta hana tara ruwan sama a gida, domin sha'anin rabon ruwa yana hannun jihohi ne, ƙa'idojin gini da na aikin famfo kuma jihohi da gundumomi da birane ne ke tsara su. A mafi yawan jihohi hamsin na ƙasar, mai gida yana iya ajiye duro a gindin bututun da ke sauko da ruwan rufinsa ba tare da ya tambayi kowa ba, a wasu biranen ma hukumar ruwa ce ke mayar masa da wani kaso na kuɗin da ya kashe. Inda al'amarin ya yi tsauri shi ne wasu jihohin yamma masu ƙarancin ruwa, kuma a cikinsu babu wadda ta kai Kolorado, inda har zuwa shekarar 2016 mazaunin birni ba shi da hurumin tara ko da duro ɗaya.

Ba za a fahimci dalilin Kolorado ba sai an san cewa Amurka tana da tsarin rabon ruwa iri biyu. A gabashi, inda ruwan sama ke wadata kuma koguna ba sa ƙafewa, an bi al'adar shari'ar Ingila, wadda ta ce duk wanda filinsa ke bakin kogi yana da haƙƙin amfani da ruwan daidai gwargwado, muddin bai cutar da sauran maƙwabtan kogin ba. Wannan tsari bai dace da yamma ba. Masu haƙar zinariya da suka kwarara Kalifoniya daga 1849, sannan Kolorado daga 1859, suna buƙatar ruwa mai yawa don wanke yashi da tsakuwa, kuma sau da yawa ramukansu suna nesa da ƙorama, a kan ƙasar gwamnati wadda ba mallakarsu ba. Sai suka kafa wa kansu ƙa'ida irin wadda suke bi wajen kama wurin haƙa: wanda ya fara karkatar da ruwa ya yi aiki da shi ya fi wanda ya zo daga baya haƙƙi, ko filinsa yana bakin rafi ko yana can nesa. Kotun ƙolin Kalifoniya ta amince da wannan al'ada a 1855. Kolorado ta zarce nan, domin da ta zama jiha a 1876 ta rubuta ƙa'idar a cikin tsarin mulkinta, inda aka bayyana cewa ruwan kowace ƙorama mallakar jama'a ne, kuma wanda ya riga kamawa shi ne a gaba. A 1882 kotun ƙolin jihar, a shari'ar wani kamfanin magudanar ban ruwa mai suna Left Hand, ta tabbatar da cewa zama a bakin kogi ba ya ba mutum wani fifiko a Kolorado.

Saboda haka kowane haƙƙin ruwa a jihar yana ɗauke da adadi da kuma kwanan wata, kuma kwanan watan ne darajarsa. Mafi tsufa a cikinsu shi ne na magudanar manoman garin San Luis, wanda ke ɗauke da shekarar 1852, tun kafin a kafa jihar. Tun 1969 akwai kotuna bakwai na musamman, kowace tana kula da yankin wani babban kogi, waɗanda aikinsu shi ne tantance waɗannan haƙƙoƙi, sannan akwai babban injiniyan jiha da jami'ansa masu zagaya magudanai suna buɗe ƙofofin ruwa suna rufewa. Idan rani ya yi tsanani kogi ya ja baya, mai tsohon haƙƙi yana kai kuka ga hukuma cewa rabonsa bai cika ba, sai a rufe wa masu sabon haƙƙi ƙofofinsu, ana farawa da na baya-bayan nan, har sai ruwan ya isa gare shi. Ba a raba asarar daidai a tsakanin kowa. Abin ya fi kama da layin jarkoki a bakin famfon unguwa: sai ta gaba ta cika fal kafin a matsar da ta bayanta, idan kuwa ruwa ya ɗauke, na ƙarshen layi ya koma gida da tasa wayam. Wannan haƙƙi dukiya ce da ake saya ana sayarwa ana gado, kuma birane suna kashe maƙudan kuɗi wajen sayen tsofaffin haƙƙoƙi daga hannun manoma, waɗanda har yau su ne ke amfani da fiye da kashi 80 cikin 100 na ruwan da ake amfani da shi a jihar.

Ta ina ruwan rufin gida ya shigo cikin wannan lissafi? Shari'ar Kolorado tana ɗaukar cewa duk ruwan da ya sauka a ƙasar jihar, ruwan sama ne ko dusar ƙanƙara, yana kan hanyarsa ce ta zuwa wata ƙorama, ko ta saman ƙasa ko ta ƙarƙashinta, sai fa idan mutum ya kawo hujjar akasin haka. Tunda kuwa yawancin kogunan jihar an riga an rabe ruwansu, wasu ma haƙƙoƙin da ke kansu sun fi ruwan da ke cikinsu yawa a mafi yawan shekaru, to ɗigon da ya faɗo a kan kwanon wani gida a Denver, babban birnin jihar, yana da mai jiransa a ƙasa, wataƙila manomin masara a gefen kogin South Platte wanda kakanninsa suka haƙa magudana tun ƙarni na 19. A idon doka, mai duron ya zama sabon shiga wanda ya tsallake layi ya ɗebi ruwa ba tare da kwanan wata ba. Wannan shi ne asalin haramcin. Ba a taɓa zama aka rubuta doka musamman don farautar masu duro ba, kuma ba a san jami'ai da bin gidaje suna leƙa bayan katanga ba. Haramcin ya fito ne daga bin ƙa'idar fifiko har ƙarshenta.

Akwai kuma nauyin da ke wuyan jihar game da maƙwabtanta. Manyan koguna huɗu, wato Kolorado da Rio Grande da Arkansas da Platte, duk daga duwatsun jihar suke tasowa, kuma akwai yarjejeniyoyi da suka wajabta mata sakin wani adadi na ruwa ya tsallaka iyaka. Mafi shahara ita ce ta 1922 a kan kogin Kolorado, wadda jihohi bakwai ke ciki. Jihar Kansas ta maka Kolorado a Kotun Ƙolin Amurka fiye da sau ɗaya a kan kogin Arkansas, kuma a shari'ar da aka shigar a 1985 an samu cewa rijiyoyin manoman Kolorado sun rage ruwan da ya kamata ya isa Kansas, har jihar ta biya diyyar fiye da dala miliyan 30. Rijiya ɗaya ba ta rage kogi yadda ido zai gani, amma dubban rijiyoyi sun rage shi. Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi mamakin yadda manoman jihar ke ɗari-ɗari da duk wani sabon mai ɗiba ba, komai ƙanƙantar abin da ya ce zai ɗiba.

Abin da ya fara girgiza wannan matsayi shi ne wani bincike da aka kammala a 2007 a gundumar Douglas, kudu da Denver. An gano cewa a filin da ba a yi gini a kansa ba, kusan kashi 97 cikin 100 na ruwan da ke sauka a matsakaiciyar shekara ba ya isa ƙorama ko kaɗan, domin rana da iska suna ƙafar da wani, ciyayi da itatuwa kuma suna shanye saura. Ma'anar wannan babba ce. Idan aka share fili aka kafa gida da rufi da daɓen siminti, ruwan da ke gangarawa magudana yana ƙaruwa sosai a kan yadda yake a da, saboda haka mai gidan da ya riƙe wani ɓangare na ruwan rufinsa yana riƙe abin da tun asali bai taɓa kaiwa ga mai tsohon haƙƙi ba. Hujjar tana da ƙarfi, amma masu adawa suna da amsa daga shari'a. A 1974 wata gona mai suna Shelton da ke gefen kogin Arkansas ta sare itatuwan bakin kogi masu shan ruwa, sannan ta nemi kotu ta mallaka mata ruwan da itatuwan suke sha ba tare da ta bi layin fifiko ba. Kotun ƙolin jihar ta ƙi, saboda tsoron kada kowa ya ɗauki gatari ya aske gaɓar koguna da sunan samar da sabon ruwa. Masu tsohon haƙƙi suka ce mai rufin kwano ma haka yake: ya kawar da ciyawa ya kafa gida, yanzu yana neman ruwan da ciyawar take sha.

Majalisar dokokin jihar ta bi al'amarin a hankali. A 2009 ta yi dokoki biyu. Ta farko ta ba mazauna karkara waɗanda ke da izinin rijiyar gida, ko suka cancanci samunsa, kuma ba su da ruwan famfo daga wata hukuma, damar tara ruwan rufinsu bayan sun nemi izini, bisa sharaɗin su yi amfani da shi a irin abin da aka yarda su yi da ruwan rijiyar kawai. Ta biyu ta ba da damar gwaji a sababbin unguwanni da ba su wuce 10 ba, inda za a tara ruwa da yawa a auna tasirinsa, kuma a mayar wa ƙorama abin da aka tauye mata. Unguwar Sterling Ranch a gundumar Douglas ce ta fara samun wannan amincewa. Mazauna birni kuwa sai da suka ƙara jira. Ƙudirin duro na 2015 ya tsallake majalisar wakilai amma ya maƙale a majalisar dattawa, inda Sanata Jerry Sonnenberg, manomi daga yankin Sterling kuma shugaban kwamitin aikin gona, ya tsaya a kan cewa dole a kare masu tsohon haƙƙi. A tsakanin nan masana a Jami'ar Jihar Kolorado suka yi lissafi suka nuna cewa duro mai ɗaukar galan 100 a gida ba zai rage ruwan da ke gangarawa ta yadda za a iya aunawa ba. Da aka dawo da ƙudirin a 2016 tare da gyare-gyare sai ya wuce, Gwamna John Hickenlooper ya sa masa hannu a watan Mayu, ya fara aiki a watan Agusta.

Sharuɗɗan dokar sun nuna irin sulhun da aka yi. An yarda da duro biyu kacal, waɗanda jimillar abin da suke ɗauka bai wuce galan 110 ba, wato kimanin lita 416. Dole ruwan ya fito daga rufin gidan zama na iyali ɗaya, ko ginin da bai wuce gidaje huɗu ba, kuma a yi amfani da shi a harabar gidan da aka tara shi, a waje kawai, kamar ban ruwan lambu da furanni. Ba a yarda a sha ba, ba a yarda a shigar da shi cikin gida ba, kuma dole duron ya kasance da murfi mai rufuwa ruf. Ba a buƙatar takardar izini ko rajista. Sai dai dokar ta fayyace cewa ajiye duro ba ya zama haƙƙin ruwa komai daɗewarsa, kuma babban injiniyan jiha yana da ikon dakatar da shi idan ta tabbata yana cutar da masu haƙƙi.

Ƙaramin lissafi zai nuna girman abin da aka shafe shekaru ana jayayya a kansa. Ruwan sama na milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya yana ba da lita ɗaya. Rufi mai faɗin murabba'in mita 100 zai zubo da lita 1,000 a ruwan milimita 10, saboda haka yayyafin da bai kai milimita 5 ba ya isa ya cika duro biyun da doka ta yarda da su, duk abin da ya biyo baya kuma ya malale ya bi hanyarsa ta da. Ruwan da aka tara ɗin ma ba ɓacewa yake yi ba, domin a gindin shukar gidan ake zuba shi bayan kwana biyu, kuma yana maye gurbin ruwan famfo wanda da shi ma daga kogin za a ɗebo shi, a tace shi da tsada, a turo shi cikin bututu don a shayar da ciyawa. A ganina haramcin da aka yi wa mai duro ɗaya ya daɗe fiye da kima, kuma ya jawo wa tsarin rabon ruwan jihar baƙin jinin da bai cancanta ba. Amma ba na ganin tsoron manoman a matsayin son zuciya. Abin da suke karewa shi ne ƙa'idar cewa babu wanda ke ɗiba a waje da layi, kuma sun ga yadda rijiyoyi suka fara da kaɗan-kaɗan. Kuskuren shi ne an bar ƙa'ida ta yi hukunci a inda ya kamata a fara auna ruwan a gani, kuma da aka auna sai aka samu mafita wadda ta bar ƙa'idar a tsaye.

Mai karatu da ya yi zaman gaban malamai zai ga cewa tambayar ba baƙuwa ba ce a fiƙihu. Imam Malik ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hukunci a kan kwararar ruwan Mahzur da Muzainib a Madina, cewa na sama ya riƙe ruwa har ya kai idon sawu sannan ya sakar wa na ƙasa, kuma malaman Malikiyya sun yi sharaɗin cewa na sama yana da wannan fifiko ne idan shi ya riga raya ƙasarsa. Ashe batun wanda ya riga ba masu haƙar zinariya ne suka fara shi ba. Bambancin shi ne malaman sun rarrabe tsakanin ruwan da ke gudana a ƙasar da ba ta kowa ba da ruwan da mutum ya tara a cikin mazubinsa, wanda suka ɗauka mallakarsa ne, kuma kusan a nan Kolorado ta tsaya shekaru 140 bayan ta rubuta tsarin mulkinta.

Sauran jihohin yamma sun warware matsalar cikin sauƙi fiye da haka. Hukumar muhalli ta jihar Washington ta sanar a 2009 cewa ruwan rufi ba ya buƙatar takardar haƙƙin ruwa, Kalifoniya ta yi doka mai wannan ma'ana a 2012, Nebada kuma ta halatta ƙaramin tari daga rufin gidan iyali don amfanin da ba sha ba a 2017. Tsarin da na fi gamsuwa da shi shi ne na Yuta, wanda ya fara aiki a 2010 aka kuma yi masa gyara a 2013. Mutum yana iya ajiye mazubi biyu masu murfi, kowanne bai wuce galan 100 ba, ba tare da ya gaya wa kowa ba. Idan yana son fiye da haka, har zuwa galan 2,500, wato kimanin lita 9,500, sai ya yi rajista da hukumar haƙƙin ruwa ta intanet, kyauta. Ta haka hukuma ta san adadin tankunan da ke kowane yanki, idan wata rana yawansu ya fara taɓa ƙorama za ta gani a rubuce, talaka mai ɗan lambu kuma ba a ɗora masa wahalar zirga-zirgar ofis ba.

Mutumin da aka ɗaure kuwa, a jihar Oregon abin ya faru a 2012, kuma an yanke masa hukuncin kwana 30 a gidan yari da tarar dala 1,500. Abin da masu yaɗa labarin ba sa faɗa shi ne cewa ba duro ya ajiye ba. Madatsun ruwa uku ya gina a gonarsa, waɗanda suka tare kusan galan miliyan 13, wato wajen lita miliyan 49, a yankin da wata dokar 1925 ta keɓe ruwansa ga birnin Medford, kuma an shafe shekaru ana umartarsa ya saki ruwan. Dokar Oregon ɗin kanta ta halatta tara ruwan da ya sauka a kan rufi. Tare hanyar ruwa da madatsa wani babi ne dabam a kowace ƙasa, kuma mutanen Hadeja da Nguru sun san haka a jikinsu, domin tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar da fadamunsu suka dogara da ita don noma da kamun kifi da kiwo ta sauya.

Duk abin da ya gabata ya shafi tambayar ruwan na wane ne. Amma yawancin izinin da mai gida zai ci karo da shi a Amurka a yau ba daga nan ya taso ba, daga kiwon lafiya ya taso, kuma wannan ɓangare ne nake ganin ya fi cancantar a ɗauke shi da muhimmanci. Ruwan sama yana wanko kashin tsuntsaye da ƙura da ganye daga rufi, wani rufin kuma yana sakin dalma ko wasu sinadarai, shi ya sa ake sa na'urar da ke zubar da ruwan farko kafin tanki ya fara karɓa. Idan mutum shi kaɗai zai sha, haɗarin a kansa ya tsaya. Matsalar tana girma ne idan ya haɗa bututun tankinsa da bututun hukumar ruwa don ya riƙa juyawa daga wannan zuwa wancan. Duk lokacin da ƙarfin ruwan hukuma ya faɗi, saboda fashewar babban bututu ko saboda 'yan kwana-kwana suna zuƙa da yawa, ruwan tankin yana iya komawa da baya ya shiga layin unguwa, ya isa kofin jaririn maƙwabci wanda bai san da tankin ba. Saboda haka ƙa'idojin aikin famfo suke wajabta ko dai a bar tazarar iska tsakanin layukan biyu ta yadda ba za su taɓa haɗuwa ba, ko a sa na'urar hana komawar ruwa wadda ake dubawa lokaci-lokaci, sannan a yi wa bututun da ba na sha ba alama a fili. A jihar Ohayo, tankin da iyali za su sha daga gare shi yana ƙarƙashin dokar ruwan sha na gidaje tamkar rijiya, sai an nemi izini daga ofishin lafiya na yanki. Faransa ma tun 2008 ta yarda a yi amfani da ruwan rufi wajen kora bayan gida da wanke daɓe, amma ta hana sha, ta kuma wajabta raba bututun.

Sauro shi ne dalilin maganar murfi. Tankin da aka bari a buɗe yana ƙyanƙyashe sauro cikin kwanaki kaɗan, kuma tun da cutar zazzaɓin Yammacin Nilu ta ɓulla a Amurka a 1999 hukumomin lafiya suka ƙara sa ido a kan ruwan da ke kwance a gidaje. A jihar Queensland ta Ostareliya, inda ake fama da zazzaɓin dengi a arewa, doka ta ƙayyade cewa ragar da ke bakin tanki kada idonta ya wuce milimita ɗaya. Wannan aiki ne irin na duba-gari, kuma babu mai hankalin da zai kira shi danniya.

Sai kuma batun gini. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tanki mai lita 5,000 yana da nauyin tan 5, kuma idan aka ɗora shi a kan ƙarfen da bai da ƙwari ko a jikin katangar maƙwabci, haɗari ne ga rai. Kundin ƙa'idojin ginin gidaje da yawancin biranen Amurka ke kwafa ya yafe izini ga tankin da ke zaune a ƙasa kai tsaye idan bai wuce galan 5,000 ba kuma tsawonsa bai ninka faɗinsa fiye da sau biyu ba. Wanda ya fi haka, ko wanda za a binne, yawanci sai an kai zane an duba. Bayan hukuma akwai ƙungiyoyin masu gidaje na unguwanni, waɗanda ke da ikon tsara kamannin gidaje har da launin fenti, kuma da yawansu sun riƙa hana duro saboda wai yana ɓata kyan unguwa. Teksas ta hana su yin haka, ta kuma cire harajin sayarwa daga kayan tara ruwan sama, dokar Kolorado ta 2016 ma ta ce suna iya tsara inda za a ajiye duron da kamanninsa amma ba su da ikon haramta shi. Don haka wanda ke zaune a can yana son kafa tanki zai tambayi wurare uku: hukumar ruwa ta jiha game da adadi, ofishin gini da na lafiya na birni ko gunduma game da bututu da girman tanki, sannan ƙungiyar unguwarsa idan akwai.

Wani abin lura shi ne cewa ƙarancin ruwan da ya sa Kolorado ta hana, shi ne ya sa wasu wurare suka tilasta. Birnin Tucson a Arizona ya yi doka a 2008 cewa sababbin gine-ginen kasuwanci su samo rabin ruwan shukokinsu daga ruwan sama, gundumar Santa Fe a Sabuwar Meziko kuma tana wajabta tanki a manyan sababbin gidaje. A tsibirin Bamuda, inda babu kogi ko ɗaya, doka ta daɗe da wajabta wa kowane gida ya tara ruwan akalla kashi 80 cikin 100 na faɗin rufinsa a cikin tanki, shi ya sa rufin gidajen tsibirin suke farare masu hawa-hawa. Abin da ya raba waɗannan wurare da Kolorado shi ne ko akwai wani a ƙasa da doka ta riga ta yi wa alkawarin ruwan, ko kuwa gangarawa teku zai yi, ko ya cika titi ya ƙafe.

Tilastawar ma tana da nata rauni, kuma jihar Tamil Nadu ta Indiya ta nuna shi. A 2003 gwamnatin Jayalalithaa ta wajabta wa dukkan gine-gine, tsofaffi da sababbi, su kafa hanyar kama ruwan sama, tare da barazanar yanke wa mai taurin kai ruwan famfo. A birnin Chennai yawancin gidaje sun haƙa ramuka ne masu mayar da ruwan rufi cikin ƙasa don rijiyoyi su farfaɗo, kuma a shekarun farko an ga ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ɗago a unguwanni da dama. Sai dai da yawa sun yi aikin ne cikin gaggawa don cika wa'adi, kuma ba a ci gaba da dubawa ba, ramuka suka cike da laka, bututu suka karye ba a gyara ba. A watan Yunin 2019 manyan tafkuna huɗu da birnin ke sha daga gare su suka kusa ƙafewa ƙaf, har aka riƙa kawo ruwa a jirgin ƙasa daga garin Jolarpettai, kuma da jami'ai suka bi gida-gida a wannan shekara sun tarar da gine-gine masu yawa waɗanda kayan kama ruwansu suka daina aiki ko ba a taɓa kafa su yadda ya kamata ba, sai aka sake ba masu su wa'adin gyarawa.